Jinyar Tsofaffi A Jos: Giɓin Horo Da 'Yan Kasuwa Ke Biyan Kuɗinsa

JOS — Duk ɗan kasuwar da ya taɓa rufe rumfarsa a Katako ko Farin Gada ya tare a asibiti domin jinyar mahaifi ko mahaifiya, ya san cewa abin da aka rubuta a takardar biya shi ne ƙaramin kashi na abin da jinyar ta ci. Akwai kuɗin gado da na magani da na gwaje-gwaje, waɗanda ake biya a gaban akawu a karɓi rasit. Akwai kuma cinikin da ya wuce, da abokan hulɗar da suka koma wajen maƙwabci, da jarin da aka gutsura, da yarinyar da aka dakatar daga makaranta domin ta riƙa kwana a gefen gadon kakarta. Wannan kashi na biyu ba ya shiga rasit, bai kuma taɓa bayyana a kasafin kuɗin wata gwamnati ba, amma sau da yawa shi ne ke durƙusar da ƙaramar sana'a.

A Nijeriya fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun iyalai yake fita kai tsaye. Ma'anar wannan ita ce, duk kwana guda da tsoho ya ƙara a gadon asibiti ba gaira ba dalili, da duk maganin da aka rubuta masa wanda bai dace da shekarunsa ba, ɗansa ne ko 'yarsa ke biya. Da yawa daga cikin irin waɗannan kwanaki da magunguna kuwa tushensu guda ne, watau likita ko nas ko malamin asibitin da ya duba tsohon ya kammala karatunsa ba tare da an zaunar da shi an koya masa, dalla-dalla, yadda jikin mai shekara 75 ya bambanta da na mai shekara 35 ba.

Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba Jihar Filato mutum miliyan 3.2 cikin miliyan 140 na ƙasa baki ɗaya, wadda aka shirya yi a 2023 kuma aka ɗage ta. Bisa ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya, masu shekara 60 zuwa sama su ne kimanin kashi 5 cikin 100 na 'yan Nijeriya. Ƙanƙantar wannan kashi ita ce ke sa masu tsara kasafi kau da kai. To amma kashi 5 na mutum sama da miliyan 200 ya kai mutum miliyan 10, kuma asibiti mutane yake kwantarwa, ba ya kwantar da kashi. Akan kuma ji ana cewa matsakaicin tsawon rai a ƙasar nan bai kai shekara 60 ba, sai a ɗauka ke nan tsofaffi ƙalilan ne. Wannan kuskuren karanta alƙaluma ne. Mutuwar jarirai da ƙananan yara ce ke jan adadin ƙasa. Wanda ya riga ya kai 60 yana da sauran fiye da shekara 10 a gabansa bisa matsakaici, kuma cikin waɗannan shekaru ne hawan jini, ciwon sukari, ciwon gaɓoɓi da yanar ido ke haɗuwa a jiki guda. A duniya baki ɗaya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu wannan shekaru za su tashi daga biliyan 1 a 2020 zuwa biliyan 2.1 a 2050.

Jos tana da nata dalilan da suka sa batun ya fi matsa mata. Garin ya tashi ne a kan haƙar kuza a farkon ƙarni na 20, lokacin da kamfanonin Turawa suka jawo leburori da fatake daga Kano, Bauci, Barno da kudancin ƙasar. Farashin kuza ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, kuma samarin da suka yi aiki a ramukan Bukuru, Barikin Ladi da Bisichi a shekarun 1970 a yau dattawa ne, da dama daga cikinsu ba fansho ba inshora. A ɗaya gefen, Jos gari ne da ma'aikatan gwamnati, hafsoshin soja da malaman jami'a suka daɗe suna zaɓa domin zaman ritaya, kuma waɗannan suna da abin biya, ko 'ya'yan da ke aiko musu daga Abuja, Legas ko ƙetare. Rikice-rikicen 2001, 2008 da 2010, da gobarar babbar kasuwar Taminus a watan Fabrairun 2002, sun sauya zaman unguwanni, sun raba iyalai da gidajen gado, sun kuma sa matasa da yawa neman abinci a wasu garuruwa, iyaye suka rage a gida. Sai kuma yanayi: garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma sanyin Disamba da Janairu, wanda baƙi ke zuwa sha, shi ne lokacin da jinin tsoho ke ƙara hawa, ƙirjinsa ke kamuwa, a kuma shigar masa da kaskon gawayi cikin ɗaki a rufe taga.

Ba za a ce garin ya rasa wuraren koyarwa ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, watau JUTH, a mazauninsa na Lamingo. Akwai Asibitin Ƙwararru na Jihar Filato. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Bingham, wanda jama'a suka fi sani da Jankwano, mai dogon tarihi wajen horas da likitocin iyali. Ga kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a Vom, ga kwalejin fasahar kiwon lafiya a Pankshin. Garuruwan Arewa kaɗan ne suka tara irin wannan. Tambayar ita ce me ake koyarwa, kuma domin wane irin mara lafiya.

Manhajojin da ake aiki da su sun samo siffarsu ne daga zamanin da babbar barazana ita ce mutuwar mata wajen haihuwa da mutuwar yara. Taron Alma-Ata na 1978, da aikin Farfesa Olikoye Ransome-Kuti a matsayin ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, da manufar lafiya ta ƙasa ta 1988, duk sun gina kiwon lafiya a matakin farko a kan rigakafi, awon ciki, ruwan gishiri da sukari, da yaƙi da zazzaɓin cizon sauro. Zaɓin daidai ne a lokacinsa, har yau ma aikin bai ƙare ba. Sai dai sakamakonsa shi ne malamin asibitin da ke ƙaramar cibiya a Rikkos ko Dadin Kowa ya haddace nauyin da ya kamata jariri ya kai a wata shida, amma ba lallai ne an taɓa nuna masa yadda ake auna jinin tsoho a zaune sannan a sake aunawa a tsaye ba.

Abin da ya bambanta jikin tsoho

A ɗauki misalin dattijo mai shekara 75 da 'ya'yansa suka kawo asibiti cikin hunturu, suna cewa kwana biyu ke nan ba ya gane mutane, yana sambatu, ya ƙi abinci. Jikinsa ba zafi. Ma'aikacin da bai sami horo ba zai bi ɗaya daga cikin hanyoyi biyu: ko ya ce gigin tsufa ne, ba abin da za a yi, ko ya rubuta maganin zazzaɓi da na taifot kamar yadda aka saba. Idan dattijon ya dami ɗakin da dare, sai a ba shi maganin barci irin su diazepam, a sa masa robar fitsari domin a huta da sauya zanen gado, a bar shi kwance.

Wanda ya sami horo kuwa tambayarsa ta farko ita ce yaushe abin ya fara. Gigin tsufa na gaskiya a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta zo farat ɗaya alama ce ta wata cuta da ke ƙasa, sau da yawa mai warkuwa: ciwon huhu, ƙwayoyin cuta a mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki, faɗuwar sukari, ko wani magani da aka fara sha kwanan nan. Jikin tsoho ba ya cika yin zazzaɓi ko da cutar ta yi tsanani, shi ya sa rashin zafin jiki ba hujja ba ce. Maganin barci yana ƙara ruɗewar, yana kuma kayar da mutum idan ya tashi zuwa bayi. Robar fitsari da ba a buƙata kafa ce ta shigar ƙwayoyin cuta. Mako guda ko biyu a kwance ya isa ya raunana ƙafafun tsoho har ya kasa tashi, idan kuma ba a juya shi a kai a kai ba, gyambon kwanciya zai buɗe a ƙugu ko diddige, wanda wankinsa da ɗaurinsa kan ɗauki watanni. Ta haka ciwon da kwanaki ƙalilan za su iya warkarwa ke zama jinyar wata guda, mutum ya shiga asibiti da ƙafarsa a fito da shi a kujera, a kuma nemi wanda zai bar aikinsa ya zauna da shi a gida.

Batun magani ma haka yake, kuma a nan ne kuɗi suka fi zurarewa. Ƙoda da hanta suna rage ƙarfi da shekaru, saboda haka adadin da ya dace da saurayi kan yi wa tsoho yawa. Magungunan ciwon gaɓoɓi irin su diclofenac, ibuprofen da piroxicam, waɗanda ake saye a kemis kamar goro, suna iya fasa gyambon ciki, su lalata ƙoda, su kuma tayar da hawan jinin da ake kashe kuɗi wajen saukarwa. Glibenclamide, tsohon maganin sukari mai araha, yana daɗewa a jiki, yana iya faɗar da sukarin tsohon da bai ci abinci sosai ba, balle mai azumi. Maganin hawan jini da aka ƙara ba tare da lura ba yakan jawo jiri idan an miƙe tsaye, faɗuwa ta biyo baya, karayar ƙugu kuwa a wannan shekaru takan zama mafarin kwanciyar da ba a tashi. Tsohon da ke ganin likitan zuciya a nan, likitan ido a can, ya biya kemis, ya kuma haɗa da na gargajiya, yakan tara ƙwayoyi kala shida ko bakwai da babu wanda ya taɓa dubawa gaba ɗaya. Ɗaya daga cikin darussan farko a fannin jinyar tsofaffi shi ne a ce wa iyali su zuba duk magungunan gidan a leda su kawo, a zauna a rage. Darasi ne da ba ya buƙatar na'ura, kuma shi kaɗai yana iya rage kuɗin maganin wata.

Gigin tsufa kansa an taɓa auna shi a Jos. Wani bincike da likitoci biyu, Ochayi da Thacher, suka wallafa a 2006 ya duba mutum 280 masu shekara 65 zuwa sama a garin, ya sami alamun cutar a kashi 6.4 cikin 100, kuma ta fi yawa a tsakanin mata da ramammu. A unguwa kuwa, tsohuwar da ta fara ɓata hanya ko fita da dare ba kasafai ake kai ta asibiti ba. Wani lokaci ma maita ake jingina mata. Ma'aikacin lafiya da ya san cutar, ya kuma iya bayyana ta ga iyali da limami ko fasto, yana kare fiye da lafiyar matar. A nan harshe yana da nauyi. Gwajin ƙwaƙwalwa da aka tsara domin mai karatun boko zai yi wa dattijon da bai shiga aji ba rashin adalci, kuma mutumin da ya yi rayuwarsa yana ciniki da Hausa yakan koma Berom, Ngas, Afizere ko Fulatancin yarintarsa idan tunani ya fara rauni.

Wannan ilmi ba sabo ba ne. A 1935 asibitin West Middlesex da ke yankin Landan ya karɓi ragamar wani gidan gajiyayyu da ke maƙwabtaka da shi, aka danƙa wa wata likita, Marjory Warren, marasa lafiya sama da 700, yawancinsu tsofaffi da aka riga aka yanke musu ƙauna. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya, ta ware masu ciwon da ke warkuwa, ta tayar da na kwance ta sa su motsa jiki, har da yawa suka koma gidajensu. Daga rubuce-rubucenta na shekarun 1940 ne fannin ya kafu a Ingila, kuma abin da ya jawo hankalin hukumomi a lokacin shi ne gadajen da suka samu. Lissafin a bayyane yake: gado guda a wata yana ɗaukar mutum ɗaya idan jinya ta kai kwana 30, yana ɗaukar uku idan an gama ta a kwana 10.

A Nijeriya sai a watan Nuwamban 2012 aka buɗe cibiyar jinyar tsofaffi ta Cif Tony Anenih a Asibitin Koyarwa na Ibadan, wadda ita ce ta farko da aka gina musamman domin wannan aiki a ƙasar. Asibitin Koyarwa na Benin ma ya kafa nasa sashen. Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a watan Janairun 2018, cibiyar ta fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro, a shekarar ce kuma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Cibiyar ta yi aiki da Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa wajen tsara ma'aunin ƙwarewa ga masu sana'ar kula da tsofaffi. Takardu dai sun samu.

Sai dai ƙwararren likitan tsofaffi yakan ɗauki shekaru da dama bayan digiri kafin ya kammala, kuma ko Filato ta sami goma gobe, ba za su isa ƙananan hukumomi 17 ba. Mutanen da tsoho ke fara haɗuwa da su su ne mai kemis, malamin ƙaramar cibiya, nas, likitan iyali, da mai jinya a gida. Wajen waɗannan ne giɓin ya fi faɗi, wajensu ne kuma cike shi ya fi araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2017, da littafin aiki a 2019, a ƙarƙashin shirin da ta kira ICOPE, wanda aka tsara domin ma'aikatan matakin farko. Ana duba abu shida: motsi, abinci, gani, ji, tunani da yanayin zuciya. Malamin asibiti zai ce, "Baba, a tashi a zauna sau biyar ba tare da dafa kujera ba," ya duba ko an gama cikin daƙiƙa 14. Zai faɗi kalma uku ya nemi a maimaita bayan ɗan lokaci, ya yi raɗa a bayan kunne ya ga ko an ji, ya tambaya ko an rame da kilo 3 cikin wata uku. Kayan aikin su ne kujera, agogo da sikeli. Shirin shawo kan hawan jini da aka fara a jihohin Kano da Ogun a 2020 ya riga ya nuna cewa malaman ƙananan cibiyoyi suna iya riƙe ciwo mai daɗewa idan an ba su gajeren horo da ƙa'ida a rubuce.

Jos ma ta taɓa ganin irin wannan da idonta. Lokacin da kuɗin yaƙi da cutar ƙanjamau suka fara shigowa daga Amurka a 2004, cibiyar JUTH ta zama ɗaya daga cikin manya a ƙasar, aka horas da likitoci, nas-nas, masu harhaɗa magani da masu ba da shawara cikin 'yan shekaru a kan cutar da manhaja ba ta tanade su dominta ba. Waɗanda aka ceto a wancan lokaci suna da shekara 40, yanzu sun haura 60, sun shiga sahun masu hawan jini da ciwon ƙoda.

Wa zai biya?

Dalilin da ya sa kasuwa ba ta samar da wannan horo da kanta ba yana da sauƙin ganewa ga duk mai sana'a. Wanda zai amfana, watau iyalin mara lafiya, ba shi ke biyan kuɗin kwas ba. Asibitin kuɗi da ake biyansa bisa yawan kwanaki da yawan magani ba shi da wata riba a fili idan ya gaggauta sallama ko ya rage ƙwayoyi. Mai asibitin da ya kashe kuɗi ya horas da nas kuwa yana tsoron ta ajiye aiki bayan wata shida, kuma tsoron nasa yana da tushe.

A watan Fabrairun 2024 magatakardan Majalisar Ma'aikatan Jinya da Ungozoma na lokacin, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa nas-nas kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Birtaniya ta buɗe bizar ma'aikatan lafiya a 2020, ta ƙara masu kula da tsofaffi a jerin waɗanda take nema a watan Fabrairun 2022, kuma dubban 'yan Nijeriya suka tafi ta wannan ƙofa. Abin lura shi ne aikin da ake ɗaukarsu su yi a can: ciyar da tsoho, juya shi, lura da maganinsa, hana shi faɗuwa. Ƙwarewar da ba a ba ta daraja a gida ita ce ake saye da fam a waje. Amma ƙofar ta fara tsukewa. A watan Maris na 2024 aka hana masu kula da tsofaffi tafiya da iyalansu, a watan Yulin 2025 kuma aka dakatar da ɗaukar sababbi daga ƙasashen waje, ko da yake nas-nas masu rajista ba su shiga wannan hani ba. Ke nan akwai matasa da suka riga suka sa rai a wannan sana'a, wasu har sun biya kuɗin kwas, waɗanda yanzu kasuwar gida ce ta rage musu.

Hanyoyin kuɗi kuwa akwai su a doka. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke karɓar aƙalla kashi 1 cikin 100 na haɗaɗɗen kuɗin shigar gwamnatin tarayya, ta kuma ware kashi 10 cikin 100 na asusun domin bunƙasa ma'aikata. Babu abin da ya hana hukumar lafiya matakin farko ta jiha sanya 'yan kwanaki na darasin tsofaffi cikin horon da take shiryawa da wannan kuɗi. Haka nan shirin sake horas da ma'aikatan lafiya 120,000 da ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar bayan kama aikinsa a 2023. Ƙara babi guda a kwas ɗin da aka riga aka biya kuɗin ɗakinsa da na motarsa ya fi shirya sabo sauƙi.

Hanya ta biyu tana cikin garin Jos kanta. Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedkwatarsa ke kan titin Miyango, an ƙirƙiro shi ne daidai domin maganin tsoron mai asibitin nan: kowane kamfani da doka ta shafa yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashinsa na shekara, wanda ya horas da ma'aikatansa bisa ƙa'ida kuma yana iya neman a mayar masa da har rabin abin da ya zuba. Manyan asibitocin kuɗi da kamfanonin magani da ke biyan wannan haraji suna da damar haɗa kai su shirya kwas guda, su nemi mayarwar. Idan kowa ya horas, nas ɗin da ta bar wannan asibiti ta koma wancan ba asara ba ce ga garin.

Ta uku ita ce inshora. Dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta wajabta inshora, ta kuma sanya tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a biya musu daga asusu na musamman. Filato tana da hukumarta, PLASCHEMA, tun 2019. A tsarin da aka saba bi a ƙasar nan, ana biyan cibiyar matakin farko ƙayyadadden kuɗi kowane wata a kan duk wanda ya yi rajista da ita, ko ya zo ko bai zo ba. Wannan yana juya lissafi: cibiyar da ta iya riƙe tsoho da magani kaɗan da ziyara kaɗan ita ce mai riba. Amma yana da haɗari, domin idan kuɗin da ake biya a kan mai shekara 70 daidai yake da na mai shekara 25, cibiyoyi za su riƙa gudun tsofaffi. Hukumar da ke ba da izini ita ke da sanda a hannu, tana iya sharɗanta cewa duk cibiyar da za ta karɓi tsofaffi ta nuna aƙalla ma'aikaci guda mai shaidar horo, ta kuma ƙara mata wani abu a kan hakan.

Akwai ma hanyar da ba ta buƙatar sabon kuɗi ko kaɗan. Likita ba ya sabunta lasisinsa, nas ma haka, sai da shaidar halartar darussan ƙarin ilmi, masu kemis kuma suna ƙarƙashin Majalisar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya wadda ke shirya musu nasu zaman. Waɗannan azuzuwa ana yin su ko da yaushe, mahalarta na biyan kuɗinsu da kansu. Wuni guda a kan magungunan da ke cutar da tsofaffi, ga masu kemis na Bauchi Road, Nasarawa Gwong da Bukuru, zai kai ga tsofaffi fiye da yadda sabon gini a Lamingo zai kai.

Ga masu neman inda za su sa jari, wurin da ya fi zama fayau shi ne jinya a gida. Al'adar mutanen Filato, Musulmi da Kirista, ba ta karɓi kai iyaye gidan gajiyayyu ba, kuma babu alamar za ta karɓa nan kusa. Abin da iyalai ke nema shi ne amintaccen mutum da zai zo gida ya yi wa Baba ko Mama wanka, ya juya wanda ɓarin jikinsa ya shanye, ya san yadda ake ciyar da shi ba tare da ya shaƙe ba, ya kuma san alamar da ke cewa a kira nas yanzu. Dattijuwa za ta so mace, dattijo zai so namiji, kowa kuma zai so mai jin harshensa. Kamfanin da zai yi wannan aiki jarinsa ba gini ba ne; horo ne, da tantance hali, da nas mai zagayawa tana duba aikin, da mai gashin ƙashi da ake kira idan an buƙata. Matsalarsa ta farko ita ce shaidar da iyali za su yarda da ita, kuma a nan ne ma'aunin ƙwarewar da aka tsara a Abuja zai yi amfani, idan kwalejojin Vom da Pankshin ko wata cibiya mai izini suka ɗauke shi suka fara yaye ɗalibai a kansa.

Kafin nan, iyalin da ke neman mai kula da tsohonsu, a Rayfield ne ko a Unguwar Rogo, za su ci gaba da yin abin da suka saba, watau su tambayi wata nas da suka sani ko tana da ƙanwar da ba ta aiki.